Kun Tambaya, Mun Amsa: Kauci, Jemage, Jan Baki da Itatuwan Gona

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga manoma da masu lambu suka zo, kuma kusan duka a kan tsuntsaye da sauran halittun dawa ne, waɗanda suke ɓarna da waɗanda ake zargi da ɓarna. Malaman gona da ma'aikatan gandun daji na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lambun lemo da gwaiba, ga kaɗanya shida a gefen gona, kauci duk ya addabe su. Kowace shekara ina sa yara su hau su fizge shi, amma kafin damina ta ƙare ya dawo. Iska ce take kawo shi, ko cuta ce daga cikin itacen? (Manomi daga Kaciya, Jihar Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba iska ba ce, ba kuma daga cikin itacen yake fitowa ba. Tsuntsu ne yake dasa shi da bakinsa.

Kauci tsiro ne mai zaman kansa, yana fure yana 'ya'ya. Ka samu ɗansa nunanne ka matse tsakanin yatsu biyu: ƙwallon zai sulɓe ya fito lulluɓe da wani danƙo mai jan zare, wanda sai ka yi da gaske kafin ya rabu da hannunka. Babban mai yaɗa shi wani ɗan tsuntsu ne da bai kai gwara ba, mai ɗigon rawaya a goshi. Da wuya a gan shi, amma kowa ya san kukansa, "ƙwan, ƙwan, ƙwan" ba ƙaƙƙautawa da tsakar rana, kamar maƙeri yana dukan ƙarfe daga nesa. Yakan haɗiye ɗan kaucin, jim kaɗan ya dawo da ƙwallon ta baki, ƙwallon ya maƙale masa, sai ya goge shi a jikin reshe. Shi ke nan an yi shuka. Ƙwallon zai fitar da ɗan tsiro ya manne wa ɓawo, ya huda shi, ya kai ga jijiyoyin da suke ɗauko ruwa daga saiwa. Wurin ne yake kumbura ya zama ƙulli, kuma abin da yake gaba da ƙullin na reshen yakan rame ya bushe, don an tare masa ruwa a hanya.

Akwai tsuntsu na biyu a cikin aikin. Furen kauci a rufe yake, kamar tsinken ashana mai jan kai. Ɗan tsuntsun nan mai siririn lanƙwasasshen baki, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna sha-kauci, shi ne yake zura baki, furen ya fashe ya watsa masa gari a kai, ya kai wa fure na gaba. Ɗaya yana barbara, ɗaya yana shuka.

To, fizga kamar aski ce. Ganyen ka cire, gindin yana nan cikin reshe. Sai dai a yanke reshen da kansa, a ƙalla santimita 30 daga ƙullin zuwa wajen gangar itacen, wato taƙi ɗaya da rabi. In reshen mai kauri ne a kai santimita 50. A fara tsaga shi da zarto ta ƙasa sannan a gama ta sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawo, kuma a karkata yankan yadda ruwa ba zai kwanta ba. Lokacin aikin shi ne sa'ad da kaucin yake fure, jansa ya tona masa asiri daga nesa, kafin 'ya'yan su nuna. Wanda ya jira suka nuna, tsuntsu ya riga shi. In ƙullin a kan ganga yake ko babban reshen da ba za a iya rasawa ba, a riƙa aske shi duk sanda ya toho, don a hana shi 'ya'ya.

Kada ka raina shi a kan kaɗanya. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya samu kauci a kan kusan kashi 95 cikin ɗari na kaɗanyar ƙasar. Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne: in ka tsabtace naka, na maƙwabcinka yana ta 'ya'ya, baɗi ka sake hawa. Ku sa rana ɗaya ku yi gayya. Harbin tsuntsayen kuwa ɓata lokaci ne, wasu za su maye gurbinsu, ga shi dukansu biyu suna cin ƙwari a lambun naka.

Tambaya: Ɗorawarmu ta gado tana yin tuntu ja wur kowace shekara, amma 'ya'ya kaɗan take bayarwa, kalwa ta yi mana tsada. Yaran gida sun ce jemagu ne suke cinye furen da dare, har sun fara yi musu hayaƙi. Daidai ne? (Mai sana'ar daddawa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, a kashe wutar nan tun yau. Wanda ake kora shi ne mai aikin.

Ki duba tuntun ɗorawa da kyau. Yana reto a ƙarshen doguwar igiya, nesa da ganye, inda mai fiffike zai iso ba tare da ya sarƙe ba. Ba ya buɗewa sai magariba, ruwan zaƙinsa yana taruwa a wani zobe ta wajen wuyansa, kuma dare ɗaya yake yi. Duk wannan shiri ne na karɓar baƙon dare. Jemage yana zuwa ya rungumi tuntun na ɗan lokaci, ya lashi zaƙin, garin fure ya bi gashin ƙirjinsa, ya tashi ya nufi wata ɗorawar. Tun 1957 masana suka rubuta wannan bayan sun lura da shi a Gana. Zuma ma tana taimakawa da almuru da kuma asuba, kuma binciken da aka yi a Gambiya ya nuna inda jemagu suka yi ƙaranci ita take riƙe aikin. Hayaƙi kuwa dukansu biyu yake kora.

Ga abin da muka fi zargi. Ɗorawa ba ta cika ɗaukar garin kanta ba, tana son na wata. In sauran ɗorawun unguwar an sare su, taku ta zauna ita kaɗai, za ta yi ta fure ba amfani. Ki sa a ƙirga ɗorawun da suke kusa. Bayan wannan a duba kauci, a duba ko wutar daji ko ta sharar gona tana lasar ta lokacin fure, a kuma hana yara tsinkar tuntu suna tsotsa, don kowane tuntu ɗaya damin 'ya'ya ne. A ɗaura amya ɗaya ko biyu a kusa. Mai son ya gani da idonsa ya rufe bakin tocila da jan ƙyalle, ya tsaya nesa kaɗan tsakanin magariba da lisha.

Kuka ma haka take, farin furenta da yamma yake buɗewa, jemage ne baƙonsa, haka rimi. Sai dai a kuka yawan sassabe rassa don miya shi ma yana hana 'ya'ya.

Babban jemagen nan mai launin kara, wanda yake taruwa dubbai a kan itatuwa a tsakiyar birnin Akara, an ɗaura wa wasunsu na'urar bin sawu, kuma sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna suna iya kai ƙananan iri har kilomita 75 daga inda suka ci. Ba mu da wani mai shuka da yake wannan tafiya a dare ɗaya. Darbejiya, wadda aka kawo Barno a 1928, jemagu da tsuntsaye suna cikin waɗanda suka baza ta har inda ba wanda ya dasa.

Gaskiya ne suna taɓa mangwaro da gwaiba, amma nunanne suke nema, saboda haka a tsinke da zarar ya ƙosa, ya ƙarasa nuna a gida. Abin da suka gatsa a zubar. Kada yara su kama jemage da hannu: a jikin irin wannan babban ne aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare, a Legas, a 1956.

Tambaya: Jan baki ya hana mu sakat a fadama. Bara ya cinye mini kusan rabin shinkafa. Me ya sa ba za a yi feshi da jirgi sau ɗaya a gama da shi gaba ɗaya ba? (Manomin shinkafa daga yankin Haɗeja)

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ɓarnar da kake faɗa ba ƙari a ciki. Tsuntsun bai wuce giram 20 ba, amma tsakanin abin da ya ci da abin da ya kakkaɓe ƙasa ana lissafa masa kimanin giram 10 a rana. Garke mai miliyan ɗaya ke nan tan 10, buhu ɗari a yini guda.

Gamawa da shi kuwa ba za ta yiwu ba. An ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, ba tsuntsun dawa da ya kai shi yawa a duniya. Daga saƙa sheƙa zuwa tashin 'ya'ya makonni shida ne kawai, kuma yana bin ruwan sama ya sake hayayyafa a wani wuri. An shafe shekaru fiye da sittin ana kashe miliyoyi, yawansa bai ragu ba. Feshi yana iya ceton gonakin da suke kusa da makwancinsa a wannan kakar, iyakarsa ke nan. Maganin da aka saba fesawa, fenthion, ba ya tantance jan baki da waninsa: shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar su ma suna mutuwa, kuma tsuntsun da aka fesa wa bai halatta ya shiga tukunya ko kasuwa ba. Ƙasar Sin ta gwada ƙarar da gwara a 1958 don ceton hatsi, fara da sauran ƙwari suka samu sarari, a 1960 dole aka janye umarnin.

Abin tambaya shi ne me ya zaunar da shi a wurinku. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, irin su sabe da burburwa. A da, in ruwan farko ya sauka ƙwayar ta tsiro, abinci ya yanke masa, dole ya yi ƙaura, da yawa su mutu. Yanzu noman rani ya shimfiɗa masa shinkafa da alkama a lokacin da ya saba yunwa. Sannan ga makwanci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da ambaliya ya janye da rani ya koma kwanciya shekara cur a wasu magudanan. Wannan shi kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama ɗakin kwanan jan baki, ga ruwan sha a ƙarƙashinsa. Yaƙi da jan baki a Haɗeja da Nguru rabinsa yaƙi da kacala ne. Ƙona ta ba ya kashe ta, don saiwar tana cikin laka. A yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda, yadda kututturen zai nutse ya kasa shaƙar iska, a maimaita sau biyu ko uku in ta toho. A Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita.

A gona kuwa, babban makami shi ne shuka tare. Gonar da ta riga kowa nuna, da wadda ta yi saura bayan kowa ya girbe, su ne suke ɗaukar garken duka. In fadama ta nuna lokaci ɗaya, ɓarnar takan rarrabu. A cire ciyawa sosai, ciki da kan kunya, domin ƙwayarta ce take fara jawo shi kafin ya lura da shinkafar. Tsaro yana farawa ne daga sanda ƙwaya ta yi madara har girbi, wajen wata guda, kuma ƙarfinsa daga fitowar rana zuwa hantsi, sai daga la'asar zuwa magariba. A kafa rumfa mai tsayi a tsakiya, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyi da gwangwanaye masu tsakuwa. Mutum-mutumi da leda mai walƙiya kwana kaɗan suke yi ya saba da su, sai ana canza musu wuri. Raga tana da tsada, a ajiye ta don fegin iri. Kada shinkafa ta ƙara ko kwana uku a tsaye bayan ta isa yanka. Masu gero a inda yake yawan sauka su nemi irin geron nan gargasa, gashinta yana tsone masa ido.

Tambaya: Na shuka irin gawo sau biyu bai fito ba, amma a makwancin shanu yana fitowa da kansa. Mene ne sirrin? (Malamin makaranta daga Matamai, Jihar Damagaram)

Amsa: Malam, ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, tana iya shekaru a ƙasa ba ta motsa ba. In saniya ta ci kwanson, ƙwayoyin da suka tsira daga tauna suna fitowa ɓawonsu ya yi laushi, ga taki, ga danshi, kuma sun kuɓuta daga ƙwaron da yake huda su a ƙarƙashin uwar. Tumaki da awaki sun fi niƙe ta, shi ya sa makwancin shanu ya fi. Kafin dabbobin gida su yi yawa, giwa da gwanki da barewa ne suke wannan aiki. Giwa har ƙwallon aduwa da na giginya take haɗiyewa ta kai nesa, kuma a Afirka ta Kudu an lissafa tana iya kai iri kilomita 65. Yau a arewacin Najeriya giwa ta yi ƙaranci, garken da aka fi sani shi ne na Yankari.

Kai ma za ka iya yin aikin cikin saniya. Ka tsinci kwanso da zarar ya faɗo, ka sussuke, ka zubar da duk ƙwayar da take da huji. Ka ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yanke farce, nesa da idon ƙwayar, ka jiƙa kwana ɗaya. In iri yana da yawa, ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba a kai, ka bari har gobe war haka. Wadda ta kumbura ita ce ta shuka. Kuskuren da aka fi yi shi ne gajeriyar leda: gawo saiwa yake fara zurawa ƙasa, in ta naɗe a gindin leda dashen ba zai yi ƙarko ba. Leda ta kai santimita 30, a dasa cikin wata uku zuwa huɗu, taku goma tsakani, a kewaye da ƙaya saboda awaki.

Amma kafin wannan wahala ka duba gonarka. Sassaben zamani, wanda aka fara a Maraɗi a 1983, ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar, ba da dashe ba, da barin tohon da yake nan a rage masa rassa. Ƙaramin gawon da shanu suka shuka maka ya riga na leda kafa saiwa.

Abu ɗaya game da kashin shanun: buzuzu ne yake binne shi, tare da irin da yake ciki. Allurar tsutsa ta ivermectin tana fita a kashi har makonni tana kashe 'ya'yan buzuzu. In ka ga kashi ya bushe kamar faifai ba huji ko ɗaya, ka tuna abin da aka yi wa garken. A yi allurar in akwai buƙata, ba don al'ada ba.

Tambaya: Cediya ta tsiro a saman katangarmu, wata kuma a wuyan giginya. Wa ya kai ta can? (Ɗaliba daga Katsina)

Amsa: Kurciyar gamji, ko cilakowa, ko jemage, 'yata. Ƙwayar cediya da durumi da gamji ƙanana ce kamar ta gero, tana wucewa ta cikinsu lafiya. Ta katanga a cire ta da saiwarta tun tana ƙarama, in ba haka ba za ta tsaga ginin. Ta giginya za ta sauko da saiwoyi ta naɗe gangar, sai a zaɓi wadda ake so a cikin biyun tun yanzu.

Tambaya: Da muna yara ungulu ba ta barin kwata. Yau shekara goma ban ga ko ɗaya ba. Ina suka tafi, kuma akwai abin damuwa? (Mahauci daga Gusau)

Amsa: Ba tafiya suka yi ba, Malam, ƙarewa suke yi. Tun 2015 ungulun kwata take cikin jerin halittun da suke dab da ɓacewa. Ana kama ta don sayar da kai da sassan jiki, ana zuba guba a mushe, ana sare dogayen itatuwan da take sheƙa, irin su rimi da maɗaci. A Gini Bisau a 2020 fiye da 2,000 aka kashe da guba. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe a wuni sai an yi shekaru ba a mayar ba.

Damuwa kuwa akwai. Ungulu ba ta jewar banza: tana gama mushe kafin ya ruɓe, kuma tsamin cikinta yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. A Indiya maganin ciwon jiki na dabbobi, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayen ƙasar kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓa, karnukan sake suka yawaita, ruwa ya gurɓata. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta mutum kusan 500,000 suka mutu a dalilin haka tsakanin 2000 da 2005. Ku mahauta kuna da baki a nan: ku hana masu kamu shiga kwata, kada a sa guba don kare ko kura, dabbar da ta mutu tana kan magani a binne ta da zurfi, kuma a nemi likitan dabbobi ya ba da meloxicam, wanda aka tabbatar ba ya cutar da ungulu.

Tambaya: Mujiya ta tare a rufin tsohon rumbunmu, mutanen gida sun ce mugun abu ne a kashe ta. Me kuka gani? (Uwargida daga Bici)

Amsa: Uwargida, camfa mujiya malamai sun daɗe da bayanin cewa hadisi ya kore shi. Mu abin da za mu ƙara, ki sa a duba ƙasan inda take kwana. Za a ga wasu baƙaƙen dunƙule kamar babban yatsa, waɗanda take amayarwa. A fasa ɗaya da tsinke: gashi ne da ƙasusuwa da ƙoƙon kan ɓera, har da haƙoransa. Babba ɗaya tana cin ɓera biyu ko uku a dare, in tana da 'ya'ya abin ya ninka sau da yawa. Cikin abin da take kamawa har da ɓeran da yake ɗauke da zazzaɓin Lasa. A Malesiya da Isra'ila da Jodan manoma da kansu suke kafa mata akwatuna a gona.

In kukanta ne ya dame ku, a yi mata akwatin katako mai faɗin santimita 45 kowane gefe, zurfi 60, da ƙofa mai faɗin santimita 13 can sama, don kada 'ya'yan su faɗo kafin su yi fiffike. A zuba ɗan ɓuntu a ciki, a ɗaure shi a inuwar itace a bakin gona, mita huɗu daga ƙasa, ƙofar tana kallon fili. Akwatin kwano ko wanda rana take duka yana gasa 'ya'yan. Sai bayan 'ya'yan da suke rumbun sun tashi za a toshe ramin rufin. Kuma muddin tana nan a daina sa gubar ɓera, a koma tarko, don ɓeran da ya ci guba yakan yi kwanaki yana tangaɗi a fili, shi ne kuma wanda za ta fara ɗauka ta kai wa 'ya'yanta.